Daga Romon Ƙafar Saniya Zuwa Tawadar Buga Sassan Jiki

A watan Maris na 2022, wani likitan tiyata a birnin San Antoniyo da ke jihar Tezas ta Amurka, Dokta Arturo Bonilla, ya dasa wa wata budurwa 'yar shekara 20 kunnen da firintar 3D ta buga. An haife ta ne da ɗan ƙaramin kunnen dama wanda bai cika ba. Sai aka yanki ɗan guringuntsi daga wannan kunnen, kamfanin 3DBio Therapeutics ya raini ƙwayoyin sel ɗinsa har suka yawaita, ya cuɗa su da kolajin, ya buga sabon kunne daidai da siffar na hagun.

Duk wanda na ba wa wannan labari a makarantar nan, tambayarsa ta farko ita ce: wace irin firinta ce? Nawa ake sayar da ita? To 'yan uwana ɗalibai, firintar ba ita ce mai wahalar ba. Sirinji ne da ƙananan motoci da ke kai shi dama da hagu, sama da ƙasa, bisa umarnin kwamfuta. Tun a 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson ya gyara firintar ofis ta yau da kullum ya fesa sel masu rai da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake zubawa cikin sirinjin, wato tawadar. Ni ɗalibin sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje ne, ajin ƙarshe na HND, kuma wannan maudu'in na gabatar a seminarmu ta bana. Na ga ya dace in kawo shi nan da harshenmu, saboda ya shafi 'yan kemistiri, 'yan folima, 'yan injiniya, har da 'yan fasahar abinci.

Mene ne folima, kuma me ya sa ta halitta?

Folima doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari masu maimaita kansu, kamar duwatsun carbi a jikin zare. Leda folima ce, amma ta masana'anta, kuma kowa ya ga yadda take shekaru a kwata ba ta ruɓe ba. Akwai kuma waɗanda ake samu a jikin halittu: kolajin a fata da ƙashi da jijiya, jelatin da ake samu idan an dafa kolajin, aljinet daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa, kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, selulos daga itace da auduga, da sitaci daga rogo ko masara.

Idan irin waɗannan sarƙoƙi suka sarƙe da juna cikin ruwa, sai su zama wata raga mai riƙe ruwa, wadda ake kira haidurojel. Sau da yawa fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. A irin wannan muhalli sel suke zaune a jikinmu, shi ya sa suke jin daɗinsa. Ga shi kuma galibinsu suna ruɓewa. Abin da likita ke so ke nan: a dasa abu, ya riƙe sel har su gina nasu naman, sannan ya narke ya ba su wuri, ba sai an sake yanka mutum don ciro shi ba.

Matsalar ɗaya ce. Babu ko guda daga cikinsu da za ka ɗauko yadda take, ka zuba a firinta, ta ba ka abin kirki. Dole sai an gyara ta.

Abu huɗu da ake nema

'Yan uwa mata masu zanen lalle sun riga mu sanin wannan darasi. Idan kwaɓin ya yi ruwa, zanen zai baje a hannu, fure ya koma tabo. Idan ya yi tauri, ba zai fito ta bakin ledar ba, ko ya riƙa fitowa a gutsure. Kwaɓi mai kyau shi ne wanda ke gudana idan an matsa, ya tsaya cik idan an saki. Wannan shi ne sharaɗi na farko ga tawadar buga sassan jiki: kaurinta ya ragu lokacin da ake tura ta ta bakin allura, ya dawo da zarar ta fito.

Na biyu, ta iya ɗaukar nauyi. Lalle shimfiɗa ɗaya ce, amma kunne shimfiɗa ce kan shimfiɗa masu yawa, kuma ta ƙasa ba za ta lotse ba.

Na uku, kada ta kashe sel. Su sel suna son zafin digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, da pH wajen 7.4, ba sa son guba, ba sa son matsi mai yawa. Bakin allurar da ake yawan amfani da shi faɗinsa bai wuce maikiromita 200 zuwa 400 ba. In tawada ta yi kauri sosai, ƙarfin da za a tura ta da shi zai yayyaga sel ɗin.

Na huɗu, ta ruɓe a kan lokaci. In ta yi gaggawa, ginin ya rushe kafin nama ya tsiro. In ta yi nawa, ta tare wa sabon nama hanya.

Kun lura da rikicin? Firinta tana son abu mai kauri da ƙarfi. Sel suna son abu mai laushi da za su miƙe ƙafa a ciki. Jos Malda na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan da abokan aikinsa sun yi bayanin wannan ja-in-ja a 2013, suka nuna cewa ɗan tsukin da ke gamsar da ɓangarorin biyu ƙarami ne ƙwarai. Duk gyaran da za mu gani a ƙasa sulhu ne tsakanin waɗannan biyun. In kun riƙe wannan, kun riƙe darasin.

Jelatin: a saka masa ƙugiya

Wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana lokacin hunturu ya san yadda romon ke daskarewa, kuma da an ɗora a wuta ya koma ruwa. Wannan jelatin ne. Sel suna ƙaunarsa saboda dalili biyu. Yana ɗauke da wani jerin amino asid uku, ajinin da gilaisin da asfatik asid, da ake taƙaitawa RGD, wanda sel ke kamawa su manne. Sannan sel suna da sinadaran inzayim da ke iya yanka shi, don haka suna buɗa wa kansu hanya a cikinsa.

Aibinsa shi ne yana narkewa tsakanin digiri 30 zuwa 35, jikin mutum kuwa 37 ne. Ka buga kunne da jelatin zalla, ka sa a jiki, ya koma romo.

A shekarar 2000, Van Den Bulcke da abokan aikinta a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam suka wallafa maganin wannan matsala, wanda a yau ake kira GelMA. Ga yadda ake yin sa a taƙaice. Ana narkar da giram 10 na jelatin a mililita 100 na ruwan gishirin fosfet a digiri 50. Ana ɗiga wani sinadari mai suna metakirilik anhaidiraid a hankali ana juyawa, na awa ɗaya zuwa uku. Wannan sinadari yana manne wa rassan amin na amino asid ɗin laisin, ya bar musu wani ɗan hannu mai ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon. Ku ɗauke shi a matsayin ƙugiya. Daga nan sai a zuba ruwan a jakar tacewa ta dayalisis a bar shi cikin tsaftataccen ruwa mai ɗumi kusan mako guda ana canja ruwan, domin ragowar sinadarin guba ne ga sel. Sai a daskarar da shi a busar, ya fito fari kamar soso.

GelMA yana nan da halinsa na jelatin: ya yi kauri a sanyi, ya saki a ɗumi. Don haka ana buga shi a ɗan sanyin da ya dace. Amma kafin a buga, an zuba masa wani sinadari mai farkawa da haske, kamar Irgacure 2959 da ke aiki da hasken UV mai tsawon zango nanomita 365, ko LAP da ke aiki da shuɗin haske na nanomita 405. Da an haska, ƙugiyoyin nan sai su kama juna da ɗaurin kobalen, wanda zafin jiki ba ya kwancewa.

Daɗin abin shi ne kai ke da linzami. Ka yawaita ƙugiya, jel ya yi tauri ya daɗe bai ruɓe ba. Ka rage, ya yi laushi. Amma kowane ƙari da farashinsa: raga mai matsewa tana hana sel motsi, hasken UV mai yawa kuma yana lalata DNA ɗinsu. Shi ya sa da yawa suka koma ga LAP. Sulhun nan dai da na faɗa.

Aljinet: ƙarfi akwai, maraba babu

Wani masanin kemistiri ɗan Birtaniya, E. C. C. Stanford, shi ya fara ciro aljinet daga ciyawar teku a 1881. In kun taɓa zuwa wurin likitan haƙori ya cusa muku wani kwaɓi a baki don ɗaukar siffar haƙora, galibi aljinet ne. Yana cikin maganin ƙwannafi na Gaviscon, ana kuma yin bandejin miki da shi.

Sarƙarsa ta ƙunshi sukari iri biyu da ake kira M da G. Da zarar ruwan aljinet ya haɗu da kalsiyam, sai ƙwayoyin kalsiyam su shige tsakanin jerin G na sarƙoƙi biyu su ɗaure su, kamar yadda ƙwai ke zama a gurbin kiret. Cikin daƙiƙoƙi ya daskare, ba wuta, ba haske, ba guba. Ga mai firinta wannan garaɓasa ce.

Sai dai aibinsa biyu, kuma kishiyar na jelatin ne. Ba shi da RGD, don haka sel suna zama a cikinsa a dunƙule kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba. Na biyu, jikin ɗan Adam ba shi da inzayim ɗin da ke yanka aljinet. Kalsiyam ɗin ne ke zarewa a hankali, jel ɗin ya saki ba bisa tsari ba, dogayen sarƙoƙin kuma su yi wa ƙoda wuyar fitarwa.

Ɗakin binciken David Mooney, a lokacin yana Jami'ar Mishigan, ya kawo gyara ga duka biyun. A 1999 suka nuna yadda ake ɗinka RGD a jikin aljinet da sinadarin kabodayimaid, sel suka fara mannewa. A 2001 kuma suka nuna cewa in aka taɓa aljinet da ɗan sodiyam feriyodet, yana buɗe wasu daga cikin zobban sukarin, ya samar da gurabe masu rauni da ruwa zai iya tsinkawa. Yawan zobban da ka buɗe, saurin ruɓewarsa. Ka wuce gona da iri kuwa, kalsiyam ya rasa wurin kamawa, jel ya ƙi tsayawa.

Kitosan: rigimar pH

Ana samun kitosan ne idan aka dafa kaitin na ɓawon jatan lande cikin kakkarfan ruwan soda, wato sodiyam haidiroksaid kashi 40 zuwa 50 cikin 100, har fiye da rabin rassan asetil ɗinsa su zube. Yana hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, yana kuma taimakawa wajen tsayar da jini, shi ya sa sojojin Amurka suka yi amfani da bandejin HemCon da aka yi da shi.

Matsalarsa, ba ya narkewa sai a ruwa mai tsami, ƙasa da pH 6.5. Ka zuba sel a irin wannan ruwa, ka hallaka su. Ka ɗaga pH zuwa 7.4, kitosan ya guntse ya kwanta. A shekarar 2000 Chenite da abokan aikinsa a Kanada suka gano cewa in aka zuba gishirin bita-giliserofosfet, kitosan yana zama ruwa a pH na tsaka-tsaki muddin yana cikin sanyi, ya daskare in ya kai digiri 37. Wata hanyar kuma ita ce a liƙa masa rassan kaboksimetil, ya riƙa narkewa a ruwan da ba tsami.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ba kowane gyara ne sai da sauya sinadari ba. Wani lokaci haɗi ake yi. A 2015, ƙungiyar Paul Gatenholm a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin ta haɗa siraran zaruruwan selulos na itace da aljinet. Selulos ɗin ya ba da halin kwaɓin lalle, aljinet ya ba da daskarewa da kalsiyam. Suka buga siffar kunnen mutum, kuma sel ɗin guringuntsin da suka saka a tawadar kashi 73 cikin 100 suna raye bayan kwana ɗaya, kashi 86 bayan kwana bakwai. Daga wannan aiki kamfanin CELLINK ya samo asali a 2016.

Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar Adam Feinberg na Jami'ar Carnegie Mellon, mai suna FRESH, da aka wallafa a 2015. Kolajin ya cika laushi, ba ya tsayawa a iska. Maimakon a tilasta masa, sai suka cika kwano da niƙaƙƙen jelatin mai kama da kunu mai kauri, allura ta shiga ciki tana zana kolajin, kunun yana tallafe da shi ta kowane gefe. In kolajin ya daskare, sai a ɗumama kwanon zuwa digiri 37, jelatin ya narke, a tsamo abin da aka buga. Kun ga narkewar nan da muka kira aibi, a nan ita ce ribar. A 2019 suka buga bawul ɗin zuciya da wannan hanya.

Kada labari ya ruɗe mu

Za ku ga bidiyo a TikTok ana cewa an fara buga zuciya da ƙoda. A 2019 ƙungiyar Tal Dvir a Jami'ar Tel Abib ta buga 'yar zuciya da girmanta bai wuce na zomo ba, kuma ba ta iya harba jini. Babban shingen shi ne iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da maikiromita 100 zuwa 200 daga jijiyar jini. Duk abin da ya yi kauri ba tare da ƙananan jijiyoyi ba, cikinsa mutuwa yake yi. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini tun asali, shi ya sa aka fara da kunne. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne fata, guringuntsi, abin rufe miki, da ƙananan samfuran nama na gwajin magani.

Mu kuma ina muka tsaya?

Kayan da ake wannan aiki da su ba baƙinmu ba ne. Fata da ƙashin shanu suna nan a kowace mayanka. Masana'antun jima suna Sharaɗa da Challawa a Kano, cibiyar nazarin fata ta NILEST tana Samarun Zariya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Ƙaro yana fitowa daga Jigawa da Yobe da Borno. Ga kuma wata magana: kaso mai yawa na jelatin da ke kasuwar duniya daga fatar alade ake yin sa, don haka jelatin na shanu ko na kifi mai tsafta yana da masu nemansa.

Amma a yi hattara. Guntayen fatar da aka riga aka jeme da sinadarin kuromiyam ba sa shiga wannan aiki. Ƙaro shi kaɗai ba ya yin kauri ko an zuba da yawa, sai dai a haɗa shi da wani. Kuma tsakanin jelatin na girki da na asibiti akwai tafiya mai nisa. Ko an kashe bakteriya, gubar da ke ɓawonsu, wadda ake kira endotoksin, tana nan, kuma tana jawo zazzaɓi mai tsanani. Duk abin da zai shiga jikin mutum sai ya bi gwaje-gwajen ISO 10993, a nan gida kuma sai da amincewar NAFDAC. Abin da muka haɗa a lab na lab ne. Kada wani ya shafa wa ɗan uwansa a miki da sunan gwaji.

Gwajin da ba ya buƙatar firinta

Ga abin da za ku iya yi da kayan da ba su gagari sashe ba. Ku narkar da giram 3 na sodiyam aljinet a mililita 100 na ruwa, ku bar shi ya kwana don kumfa ta kwanta. Ku haɗa ruwan kalsiyam kuloraid, giram 11.1 na busasshen a lita ɗaya, wato mola 0.1. Ku kasa aljinet ɗin kashi huɗu: ɗaya zalla, sauran ku ƙara musu jelatin ko dafaffen sitacin rogo a ma'auni daban-daban.

Ku ɗebi kowanne a sirinji ku matsa a iska. In ya ɗiga, ya yi ruwa. In ya sauko kamar zare, ya yi. Sannan ku shimfiɗa takardar giraf a ƙarƙashin gilashi ku zana raga mai gidaje murabba'i, ku fesa ruwan kalsiyam, ku ɗauki hoto da waya tare da rula a gefe. Da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, ku auna kewayen kowane rami, L, da faɗin filinsa, A. Ku lissafa L² a raba da 16A. Ouyang da abokan aikinsa na Jami'ar Tsinghua a Chaina suka kawo wannan ma'auni a 2016. Cikakken murabba'i yana ba da 1. In tawada ta baje ramin ya zama da'ira, za ku sami wajen 0.79. In ta yi tauri layukan suka yi gargada, ya haura 1. Tsakanin 0.9 da 1.1 shi ne abin so. A ƙarshe ku jiƙa samfuran a ruwan gishirin fosfet a digiri 37, ku riƙa auna nauyinsu kullum na mako biyu, ku zana giraf.

Wanda ke son gwada GelMA kuwa, metakirilik anhaidiraid yana ƙona fata yana illata huhu. Sai a akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, kuma malami na tsaye.

Kowace shekara muna ganin yadda ake sayen tsohon furojet a bakin get a canja suna da shekara. Ga aikin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, alƙaluman naka ne, kuma in an tsare ka da tambaya ranar difens kana da amsa, domin da hannunka ka auna. Wanda ya iya bayyana dalilin da ya sa haɗinsa ya ba da 0.85 maimakon 1, da abin da zai ƙara ko ya rage, ya fahimci ainihin abin da manyan ɗakunan binciken nan ke fama da shi. Masu shiga ajin ƙarshe baɗi, ku kai wa malamanku wannan shawara tun yanzu, kafin a raba maudu'ai.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.